Gumbar Baffa

Masana tarihi sun cika littattafai da dalilan da ke rushe dauloli: yaƙi, yunwa, annoba, zaluncin masu mulki. Na karanta abin da ya sawwaƙa daga ciki, na kuma koyar da shi ga 'yan aji huɗu har muryata ta dushe. Amma yau da nake zaune a zauren da Baffa ya bari, na kai ga wata matsaya da ban gani a littafin kowa ba: gari yana fara mutuwa ne ranar da yaro ya daina tsokanar kakansa. Duk sauran masifun daga baya suke biyowa.

Baffa, ƙanin mahaifina, ya rasu kwanakin baya a ƙauyenmu da ke tsakanin Makarfi da Kudan. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya fi masa zauren nan faɗi, don mutum ne da bai taɓa shiri da matsattsen wuri ba.

Masu gaisuwa sun zo, kowa da Baffan da ya zo da shi. Liman ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, sai muka ji Gwaggo, ƙanwar Baffa, ta yi wani irin tari daga bayan zana. 'Yan kasuwar rake daga Makarfi suka ce tun da ya daina dafa mazarƙwaila ba su sake ɗanɗana ta gaske ba, alhali da yana yi su ne masu cewa ta cika duhu. Wani mai neman kujera ya zo da motoci, ya ce an yi rashin ginshiƙi, sannan ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali ko marigayin shi ne mai unguwa. Abokinsa na ƙuruciya kuwa, wani tsoho da aka ɗauko a bayan babur daga Likoro, ya zauna, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ya riga ni," in ji shi. "Ko a nan ma sai da ya yi mini wayo."

A tsallaken hanya, ƙarƙashin mangwaro, wasu yara 'yan makarantarmu suna tsaye. Ba su shigo ba, ba su kuma tafi ba. Babu wanda ya shimfiɗa musu tabarma, don babu wanda ya san a wane layi za a sa su: ba dangi ba ne, ba maƙwabta ba ne, ba su kai masu gaisuwa ba. Saboda su nake wannan rubutu, don na san in na bar zancen a bakin manya, nan da shekara za a tuna da Baffa a matsayin mai haƙuri, kuma wannan ƙazafi ne.

Baffa ya yi rayuwarsa a wurin matsar rake, tun zamanin da doki ke zagaya inji, ruwan rake na tsiyaya, a dafa shi har ya yi kauri a zuba a 'yan kwanoni ya daskare. Dokin yana zagayawa, Baffa yana zagayawa a bayansa. Doki ya mutu, aka zo da inji mai shan mai, Baffa bai daina zagayawa ba. Ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a inda ya fara ba. In yana ba ka labari sai ka tashi ka bi shi, don rabin labarin a zaure yake, rabi a bakin rijiya. Ko sallar Juma'a, da an yi sallama shi ne farkon mai neman takalmi.

Sai gwiwoyi suka ci amanarsa. Inna, matarsa, ta riga shi tafiya. 'Ya'yansa suka watsu Kaduna da Abuja, kamar yadda 'ya'yan kowa suka watsu, gidan da a da sai ka tsallake yara kafin ka kai tsakar gida ya koma shi da Gwaggo da kaji. Mutumin da bai iya zama ba ya wayi gari ba shi da aiki sai zama. Ya riƙa jan tabarmarsa yana bin inuwa, daga gabas da zaure zuwa yamma da shi, yana faɗa da ƙudaje.

Kada a ce 'ya'yansa sun yar da shi. Ba su yar ba. Babban ɗansa Alhaji, wanda nake kira Yaya, bai taɓa bari magani ya yanke ba, kuma duk Juma'a sai ya kira. Yakan miƙa wa yaransa waya ɗaya bayan ɗaya.

"Ina wuni, Kaka. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Baffa ya amsa, ya amsa, ya ajiye waya, ya dube ni.

"Malam, ka ji su? Kamar masu karanta labarai. Ni da nake kamarsu, ranar Juma'a na ɓoye takalman kakana a cikin rumbu, ya je masallaci da na matarsa."

Ana haka wata ƙungiya daga Kaduna ta kawo wa makarantunmu wani shiri na haɗa yara da tsofaffi. Sunansa na Turanci dogo ne, mutanen gari suka yanke shi suka ce Zaman Alhamis, da yake ranar ce babu makarantar allo, yara suna da sarari da yamma. Tunanin mai kyau ne, ba na cikin masu kushe shi. Tsofaffi sun yi yawa a ƙauyuka, masu duba su sun yi kaɗan. A raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da tsohonsa, su share masa ɗaki, su ɗebo ruwa, su zauna su ji labari. Na ji an ce a wajen Kurmin Kogi yaran ne suka fara lura wata tsohuwa ta daina cin abinci, aka kai ta asibiti a kan lokaci. A makarantarmu hedimasta ya ɗora mini kula da shirin, saboda a cewarsa ni ne mai yawan magana a taron malamai.

Jami'ar ƙungiyar, wadda kowa ke kira Madam, ta zo ta koya wa yaran ƙa'ida. A tsuguna a gaisar. Ba a dariya. Ba a katse dattijo. A ce, "Kaka, ba mu labarin zamanin da." Muka yi ta maimaitawa a fili har suka iya kamar karatun ƙidaya. Ni kuma, da yake na san inda ake bukata, na kai rukunin farko zauren Baffa.

Suka tsuguna a jere.

"Ina wuni, Kaka."

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Kaka, ba mu labarin zamanin da."

Baffa ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, wa ya mutu?"

"Babu kowa, Baffa."

"To me ya sa ka kwaso mini masu gaisuwar mutuwa? Ko labari ya iso maka ne ni ban ji ba?"

Ya ƙi ba da labarin zamanin da. Ya ce zamanin da babu komai a cikinsa sai ƙaiƙayi da tafiyar ƙasa. A maimakon haka ya shiga raba musu sunaye. Wannan kunnuwansa kamar faifai, wancan ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya. Yaran suka sunkuyar da kai suna cije leɓe, don an ce ba a dariya. A ƙarshen layi akwai wata yarinya 'yar ajina, wadda tun da aka kawo ta makaranta ban taɓa jin ta haɗa kalma uku a jere ba. Tana rubutu da kyau, amma in ka tambaye ta sai ta dubi ƙasa har ka gaji ka wuce. Baffa ya yi mata tambaya, shiru. Ya sake, shiru.

"Wannan kuma rediyo ce," in ji shi. "Batir kawai ya mutu."

Sunan ya bi ta. Ni ma da shi zan kira ta a nan.

Makonni suka wuce yana tsokana suna ladabi, yana tsokana suna ladabi, har na fara tunanin in canza masa rukuni. Wata Alhamis, da aka tashi tafiya, Rediyo ta nemi silifas ɗinta ta rasa. Baffa ya zauna a kansu. Kowa ya gani, har da ita. Sauran yaran suka fita, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta.

"Me kike jira?" in ji Baffa. "Takalman nan nawa ne. Na gaje su."

Ta dubi ƙasa.

"In naki ne, buɗe baki ki karɓa."

Na yunƙura zan sa baki, ya ɗaga mini hannu. Muka zauna, kaza ta shigo ta fita. Can sai muka ji wata 'yar murya kamar daga cikin tulu.

"Tsoho ɓarawo."

"Me kika ce? Kunnena ya tsufa."

"Na ce tsoho ɓarawo! Mai haƙori ɗaya!"

"Biyu ne!" Baffa ya daka tsawa, ya wage baki yana nunawa. "Ƙirga da kyau, 'yar boko! Malam, me kake koya musu a makarantar nan?"

Gwaggo ta ce a ranar sai da ya nemi ƙarin tuwo.

Daga nan zauren ya zama abin da ya zama. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wasan jika da kaka: abin da ɗa ba zai iya faɗa wa ubansa ba ko a mafarki, jika yana faɗa wa kakansa a bainar jama'a, kaka ya rama, kowa ya yi dariya. Ya kuma san cewa in tsoho ya cika, akan daka gero a yi gumba ta sadaka, jikoki su sa kayansa, su kwaikwayi tafiyarsa, su wawashe gumbar. Yaran nan ba su sani ba, don yawancinsu nasu kakannin sun rasu ko suna nesa. Baffa ya koya musu, da tsari, kamar mai shirya ɗalibai jarrabawa. Shi ya sa musu babbar tambayar a baki.

"Tsoho, yaushe za ka mutu mu sha gumba?"

"Sai na ga auren jikokinku, 'yan baƙin ciki!"

A ragayar da ke rataye a zaure ya ajiye ƙwarya da mazarƙwaila a ciki. Ya ce ta gumbarsa ce, kada kowa ya taɓa, don shi ba za a sa masa sukarin kanti a gumba ba bayan ya ƙare rayuwarsa a gindin rake. Duk Alhamis sai ya yi kamar gyangyaɗi ya ɗauke shi, yara su hau kafaɗar juna su sace, ya farka ya yi ta kururuwa yana jifa da hula. Duk ranar kasuwar Makarfi kuma sai ya aike ni in sayo wata, in na kawo ya gutsura ya ce ta 'yan koyo ce.

Rigimar ta zo ne ranar da Madam ta kawo ziyarar ba-zata. Ta yi sallama daidai lokacin da Rediyo ke tsaye, hannu a ƙugu, tana cewa, "Kai tsohon nan, ranka na ƙarfe ne? Geron Gwaggo har ƙwari sun fara ci!"

Madam ta dafe ƙirji. Ta kori yaran waje, ta tsuguna gaban Baffa.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Ba haka muka koya musu ba. An kafa shirin nan ne don a mutunta dattawa."

"'Yata," in ji Baffa, "mutunci ina da shi har ya yi mini yawa, ko za ki ɗiba ki tafi da shi Kaduna? Kowa ya zo sai ya tuɓe takalmi, ya yi ƙasa da murya kamar ya shigo maƙabarta. Liman yana mutunta ni. Mai unguwa yana mutunta ni. 'Ya'yana suna mutunta ni ta waya. Yarinyar nan kaɗai ce take ganin ina da sauran ƙarfin ramawa."

"Amma Baba, tana yi maka fatan mutuwa."

"Ita ce kaɗai ba ta fara binne ni ba."

Madam mace ce mai hankali, amma tana da na gaba da ita. A waje ta ce mini in gyara abin. Na ce to. Na koma na gaya wa Baffa an ce a gyara. Ya ce in gaya musu shi ma yana nan yana jira a gyara masa gwiwa. Haka aka bar zancen, kowa yana ganin ya yi nasa.

Da damina ta ja, jiki ya tsananta. Yaya ya zo ya kai shi asibiti a Zariya, aka yi abin da za a yi, aka dawo da shi. Alhamis ɗinsa ta ƙarshe yaran suka shigo suka gan shi kwance, ya zama kamar an zana shi a jikin tabarma. Ba wanda ya ce musu komai, suka tsuguna a jere.

"Ina wuni, Kaka. Ya jiki?"

Baffa ya buɗe ido da ƙyar.

"Au. Kun koma?"

Rediyo ta ɗago kai. Ta ce, "Ai kai ne kake ta ja mana rai. Kullum gobe, kullum gobe."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da suka tafi ya kira ni da Gwaggo. Ya ce abu biyu ne: kada a sa sukarin kanti, kuma kada a hana su.

Bayan an kai shi makwancinsa, Gwaggo ta ɗauko zancen gumba, Yaya ya ce ba za a yi ba. Ya ce mamaci addu'a yake bukata, ba daka ba, kuma malamai sun yi bayani a kan irin waɗannan al'adu. Ba na ja da Yaya a kan karatu, ya fi ni zama gaban malamai, kuma na ga yadda ya riƙe mahaifinsa a asibiti. Na dai gaya masa abin da Baffa ya ce. Sai ya fito da abin da ke ransa.

"Ko da za a yi, Malam, waɗannan ba jikokinsa ba ne. Jikokin aro ne. 'Ya'yan wasu su zo su yi wa ubana dariya a gaban baƙi?"

"Naka jikokin suna ina, Alhaji?" Gwaggo ta tambaya daga ƙofar ɗakinta.

Suna cikin mota, an kunna musu sanyi, suna danna waya. Yaran kirki ne, sun gaisar da kowa.

Na rasa inda zan sa kaina. In zauna a zaure, in tashi in leƙa cikin gida, in fita in dubi mangwaro, in dawo. Tsohon Likoro ya ce, "Kai, zauna mana, ko shi ne ya bar maka gadon ƙafa?" Ranar sadakar uku ta faɗo Alhamis. Da hantsi, muna zaune da baƙi, sai muka ji tabarya ta sauka a turmi. Yaya ya ɗaga kai. Ya aika a ce wa Gwaggo ta bari. Ɗan aiken ya dawo da amsa: ta ce geronta ne, turminta ne, wanda ya mutu kuma tun kafin a haifi Alhaji take ƙanwarsa.

Da la'asar yaran suka tsallako hanya. Ban kira su ba, ban kuma hana su ba, Alhamis ce. Suka tsuguna gaban Yaya a jere, suka ce ya haƙuri, ya amsa. Suka dubi tabarmar Baffa da aka naɗe aka jingine. Mai kunnuwan faifai ya fara kuka. Na ce a raina shi ke nan, ladabi ya yi nasara, za a binne mutumin nan karo na biyu.

Rediyo ta tashi ta shige cikin gida. Jim kaɗan sai ga ta ta fito da hular Baffa a kan hijabi, da sandarsa, da babbar rigarsa tana ja a ƙasa. Ta ranƙwafa, ta turo leɓe, ta shiga zagaya zauren tana ɗingishi, zagayen nan na bayan doki. Ta tsaya gaban liman ta ce huɗubarsa ta cika tsawo. Ta tsaya gabana ta ce me nake koya musu a makarantar nan. Sannan ta ciro wani ɓawon rake daga ƙasa, ta kara a kunne kamar waya, ta juya wa Yaya baya, ta yi magana da muryar da duk muka sani.

"Alhaji? Ina jin ka. Magani ya iso, Allah ya yi albarka. To yaushe za ka turo mutum?"

Ban san ta taɓa jin wannan ba. Ni na sha ji daga bakin Baffa, bayan an kashe waya.

Tsohon Likoro ne ya fara, wata dariya mai kama da kuka, yana dukan cinya yana cewa, "Shi ne! Wallahi shi ne, ja'iri!" Sai ta kama kowa, har liman. Yaya bai yi dariya ba. Ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi, ya daɗe a haka. Da ya sauke ta, bai dubi kowa ba.

"Gwaggo," ya ce, "a ba su gumbarsu."

Aka fito da ita a faifai, ta yi ja saboda mazarƙwaila. Suka yi mata wawa kamar yadda aka koya musu. Ƙaramin ɗan Yaya ya fito daga mota ya zo ya tsaya yana kallo, ya tambayi ubansa mene ne wannan. Rediyo ta dube shi sama da ƙasa daga ƙarƙashin hular Baffa.

"Kai baƙo ne," ta ce. "Jira manya su gama."

Ta gutsura masa duk da haka.

Wannan shi ne Baffa. Bai gina masallaci ba, bai bar gonar da za a yi shari'a a kanta ba. Ya karɓi shirin da aka tsara a ofis, ya hura masa rai, ya buɗe bakin yarinyar da ni da takardun shaidata muka kasa buɗewa, ya kuma mayar wa garinmu abin da dauloli ke rushewa in sun rasa. Ya Allah, ka yafe masa, ka haɗa shi da kakan nan nasa da ya je masallaci da takalman mata, su ƙarasa rigimarsu a inuwar da ba ta matsawa.

Alhamis da ta biyo baya na kai rukunin gidan sabon tsohonsu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kotu. Suka tsuguna suka gaisar, ya amsa da fara'a. Rediyo ta tambaye shi yaushe zai mutu su sha gumba. Ya sa takalmi ya tafi wurin hedimasta da ƙafarsa.

An dakatar da shirin.